Jita Ba Ta Jin Kunyar Kowa

Mai karatu, in kai ma'abocin kallon finafinan Indiya ne, na san ka sha ganin wannan: jarumi ya rataya jita a kafaɗa, yana tsaye bisa dutse ko a tsakiyar ɗaliban kwaleji, hannunsa na dama yana sharar tsirkiya kamar mai kakkaɓe ƙura, na hagu kuwa ya ƙanƙame wuyan jitar kamar mai riƙe da taɓarya, ko yatsa ɗaya ba ya motsi. Amma fa kiɗa na tashi, mai daɗi, har da goge da ganguna waɗanda ba ka ga masu kaɗa su ba. In kuma darakta ya so ya nuna maka cewa jarumin nan koyo ya yi, sai ya jera maka 'yan hotuna: ga shi yau yana fama, ga rana ta faɗi, ga shi gobe yana murmushi. Kafin waƙa ɗaya ta ƙare ya zama gwani. Minti uku an gama.

Ban ga laifin darakta ba. Wa zai biya kuɗinsa don ya kalli mutum yana maimaita abu ɗaya sau ɗari biyu? Aikin fim ne ya yanke abin da zai gunduri mai kallo, shi kuwa koyo kusan dukkansa gundura ne. Sai dai abin nan da mai tace hoto yake yankewa ya zubar, shi nake so mu tsinto yau mu duba, domin akwai wata tambaya a cikinsa wadda ta shafi har wanda bai taɓa riƙe jita ba kuma ba shi da niyya. Tambayar ita ce: a zamanin da na'ura za ta iya kaɗa maka abin da kake so nan take, shin akwai sauran wata daraja a ce mutum ya zauna wata da watanni yana yin abin da bai iya ba? Ko kuwa son wahala ne kurum, irin na wanda ga mota a tasha amma ya ce shi sai ya je Zariya a ƙasa?

Bari mu fara da abin da fim yake ɓoyewa. Jita tana da tsirkiya shida, daga mai kauri zuwa siririya, kowace da muryar da ake ɗaure ta a kai. Makaɗa suna kiransu da haruffa: E, A, D, G, B, E. A jikin wuyanta an gindaya wasu siraran ƙarafa da suka raba shi gida-gida. In ka danne tsirkiya a wani gida, ka rage mata tsawo ke nan, kuma duk tsirkiyar da ta gajarta sai muryarta ta yi sama. A gida na 12 tsawon ya rabu biyu daidai, sai ta maimaita maka muryarta ta asali amma a sirance. Wannan lissafi ne. Ba ya canzawa don ɗan sarki ne ya riƙe jitar.

Ranar farko za a ce ka yanke farcen hannun hagu, ka aje babban yatsa a bayan wuyan jitar, ka riƙa dannawa da kan yatsa, dab da bayan ƙarfen nan, ba a bisansa ba. Sai a nuna maka abin da ake kira kod, wato yadda za ka jera yatsu a kan tsirkiya biyu ko uku, ka kaɗa su tare da sauran, muryoyinsu su haɗu su zama abu guda. Mafi sauƙi shi ne Em: yatsu biyu kacal, a gida na 2, ɗaya a tsirkiyar A ɗaya a ta D. Za ka ce ai wannan wasan yara ne. To kaɗa mu ji. Sai ka ji wata tsirkiyar ta mutu murus saboda gefen yatsanka ya taɓa ta, wata kuma tana ziza kamar ƙuda a gwangwani saboda ba ka danne ta sosai ba. Kafin minti goma kan yatsunka ya yi jawur, ga shatin waya kwance a kai. Haka za ka yi ta fama na wasu makonni kafin fatar wurin ta yi tauri irin ta tafin hannun manomi.

Da ka samu kan Em, sai a kawo maka G, da C, da D. Kowane ɗaya in ka zauna ka jera yatsu a tsanake zai fita. Rigimar tana wajen tashi daga wannan zuwa wancan ba tare da kiɗan ya tsaya ba. Hannun dama yana son ya ci gaba da bugu, na hagu yana laluben gida kamar baƙo cikin duhu. Kana fara jin kai ma wani ne, sai ga F, wanda sai ka kwantar da yatsanka manuni ya danne tsirkiya shida gaba ɗaya a gida na farko, sauran yatsu uku kuma suna nasu aikin. A nan da yawa suke jingine jita bayan ƙofa, su ce sai an sami lokaci. Andy Mooney, wanda ya zama shugaban kamfanin ƙera jita na Fender a 2015, ya sha faɗa wa 'yan jarida cewa binciken kamfaninsu ya nuna kashi 90 cikin 100 na sababbin masu koyo suna dainawa tun a shekarar farko. Ka ji fa, tara cikin goma.

To, yanzu ga mai gardama, kuma ina so mu saurare shi da kyau don maganarsa ba ta banza ba ce. Zai ce: tun ƙarshen shekarun 1990 fiyanon Yamaha ya mamaye situdiyoyin Kano, mutum ɗaya ya zauna ya fitar da ganga da sarewa da goge, har da muryar jitar kanta, aka yi waƙoƙin fim da suka zagaye ƙasar Hausa. A 1997 aka fito da Auto-Tune, mai miƙe muryar mawaƙi in ta karkace. Daga 2023 kuma ga irin su Suno, ka rubuta abin da kake so, kwamfuta ta miƙo maka waƙa da kiɗanta kafin shayinka ya huce. Shin ba don a rage wa ɗan Adam wahala ake ƙera na'ura ba? Wace mace ce za ta ce ta fi son niƙa a dutse alhali ga inji a bakin layi? In waƙa ake nema, ga waƙa. Ciwon yatsa na mene ne?

Amsar da aka fi ba shi ita ce wai ita wahalar ce darajar, wai abin da ba a sha wuya a kansa ba ba shi da albarka. Ni dai wannan amsar ba ta gamsar da ni, kuma ina ganin tana da haɗari. Mu 'yan kallo mun san ta, don finafinai sun daɗe suna sayar mana da ita. Ka tuna Rockstar na Imtiaz Ali, wanda ya fito a 2011, inda aka gaya wa yaron da Ranbir Kapoor ya fito a matsayinsa cewa ba a zama babban mawaƙi sai zuciya ta karye, shi kuwa ya tashi takanas ya je neman yarinyar da za ta karya masa ita. Ko Whiplash na Damien Chazelle, na 2014, inda malamin kiɗa yake jifan ɗalibi da kujera, yana marinsa, yaron yana buga ganga har hannunsa yana jini. Finafinai ne masu kyau, amma wanda ya ɗauko darasinsu a gurguje zai zaci azaba ita ke haifar da gwaninta. Da haka ne, da duk wanda aka ci zalinsa ya zama Shata. Da wannan tunanin ne wani maigidan yake bautar da yaronsa shekara da shekaru yana cewa ai horo ne, alhali ko abu ɗaya bai koya masa ba.

Kowane malamin jita na kirki neman rage maka ciwo yake yi. Zai duba ko tsirkiyoyin sun yi nisa da wuyan jitar, kamar yadda ake yawan samu a masu araha, ya ce ka kai wa mai gyara ya sassauto da su. Zai ce in na ƙarfe sun yi maka zafi, ka fara da jita mai tsirkiyar roba. Zai ce minti 15 kullum ya fi awa uku ranar Lahadi kaɗai, kuma in wuyan hannunka ya fara ciwo ka tsaya. Ashe ke nan ciwon yatsa kuɗin mota ne kawai. Ba wanda yake zuwa tasha don ya ji daɗin biyan kuɗin mota. Ina motar za ta kai ka, shi ne zancen.

Ga inda nake ganin tana kai mutum. Kafin ka kaɗa komai sai ka saita jitar, kuma ba saiti ɗaya ne na har abada ba. Sabuwar tsirkiya tana saki, zafi da sanyi suna taɓa ta, hunturu yana busar da katako, don haka kullum ka ɗauko ta sai ka sake dubawa. Tsohuwar hanyar ita ce ka danne tsirkiya mai kauri a gida na 5, ka kaɗa ta tare da mai bi mata wadda ba a danne ba. Dole muryoyinsu su zama ɗaya. Haka za ka bi su bi da bi, ban da tsirkiyar G da ake dannewa a gida na 4. In biyun sun kusa haɗuwa amma da saura, za ka ji sautin yana rawa, wuu-wuu-wuu. Kana murɗa maɗaurin a hankali rawar tana raguwa, har ta tsaya cak. A makon farko ba ka ma jin wannan rawar. Jitarka a karkace take, kana ta sharɓa, kana jin daɗinka, mutanen gida ne kawai suke shan azaba. Wata rana sai ka kaɗa, fuskarka ta yamutse da kanta kafin wani ya ce uffan. Ranar nan ka sami abin da ya fi kowane kod tsada: kunnen da yake jin kuskuren mai shi.

Ka san an ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Kowa gwani ne wajen jin inda wani ya kauce. Abin da yake da wuyar samu shi ne mutum ya ji nasa, a daidai lokacin da yake yin sa, ya kuma iya zama da wannan ɗacin ba tare da ya fasa ba, ba tare da ya ɗora wa wani ba. Jita tana koyar da wannan ne saboda ba ta jin kunyar kowa. Abokinka zai ce maka "kai, ka fa iya!" don kada ranka ya ɓaci. Yaronka zai yaba don yana cin abinci a hannunka. Ita kuwa in ka danna ba daidai ba, ziza za ta yi, ko kai wane ne, ko nawa ka saye ta. Ba ta zaginka, ba ta kuma rarrashinka. Nan take za ta gaya maka, ka gyara yatsa, nan take ta amsa da murya mai kyau. A ina kuma kake samun mai gaya maka gaskiya sau ɗari a rana ba tare da ƙiyayya ko neman wani abu a wurinka ba?

Wannan tunani ya daɗe a duniya. Aristotal, masanin falsafar nan na Girka da ya rayu fiye da shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa, da kayan kiɗa mai tsirkiya ya buga misali sa'ad da yake bayanin yadda hali yake samuwa. A ganinsa, yadda mutum yake zama makaɗi ta hanyar kaɗawa, haka yake zama mai adalci ta hanyar aikata adalci, ba ta hanyar haddace ma'anarsa ba. Amma ya ƙara da wani abu da mutane suke mantawa: ta wannan kaɗawar dai ake samun makaɗi nagari, ta ita kuma ake samun na banza. Wato maimaici shi kaɗai ba ya gyara kowa. Wanda ya yi shekara yana danna C a karkace, gwanin karkataccen C ya zama, kuma kwance wannan sabon ya fi koyon farko wuya. Gaskiya ne yau da gobe tana sa allura ginin rijiya, amma in a kan fa ake ginin, ba ruwan da za a tarar. Abin da yake raba makaɗan nan biyu shi ne saurare. Shi ya sa malamai suke cewa ka rage gudu, ka bi bugu ɗaya a kowace daƙiƙa, ka kaɗa tsirkiya ɗaya-ɗaya ka ji wacce ce ta mutu, kafin ka ce za ka yi sauri.

Akwai kuma wani ciwon da ya fi na yatsa, shi ne na a gan ka ba ka iya ba. Littafi kana iya ɓuya a ɗaki ka karanta, ba mai sanin sau nawa ka maimaita shafi. Jita kuwa tana da murya. Duk kuskurenka sai ya tsallake katanga. Yaro ƙarami bai damu ba, shi ya sa yake saurin koyo. Babba kuwa, mai gemu ko mai 'ya'ya, wanda ake gaida shi a unguwa, yana jin nauyin a ji shi yana tuntuɓe a abin da ɗan shekara goma yake yi a guje. Mu Hausawa muna girmama kunya, kuma ta cancanta. Sai dai akwai wata aba mai shigar kunya alhali girman kai ce: ita ce take hana mutum cewa "ban gane ba, a sake nuna mini". Da yawa daga cikin taran nan da suka daina, ina zaton ba yatsa ne ya kore su ba. Sun kasa jure ganin kansu a ajin farko ne.

Dubi Malam Maman Barka na Nijar, wanda ya rasu a 2018. Ya riga ya yi suna da gurmi, ana jin sa a Nijar da Nijeriya, ya haura shekara 40. A 2002, da tallafin UNESCO, ya tafi yankin Tafkin Cadi ya durƙusa gaban wani dattijo, Boukar Tar, don ya koyi biram, wani abin kiɗa mai tsirkiya biyar mai siffar kwalekwale na masuntan Buduma, wanda a lokacin dattijon ne kaɗai ya rage da ya iya shi. Gwani ya koma ɗan koyo da ƙafarsa. Da ya ce shi ya wuce nan, da biram ya bi Boukar Tar kabari. Ka ga ashe ɗan koyo ba kansa kaɗai yake yi wa aiki ba. Duk abin da hannu ne yake riƙe da shi, ranar da aka rasa mai yarda ya zauna a ajin farko, ranar ya mutu, ko da an ɗauki sautinsa an adana a kwamfuta dubu.

Wani zai ce shi ba girman kai ne ya hana shi ba, rashin kayan aiki ne, ko rashin baiwa, ko yatsunsa gajeru ne. To, Django Reinhardt yana ɗan shekara 18, a 1928, gobara ta ƙona shi ta lalata masa yatsu biyu na hannun hagu, hannun da ake danna tsirkiya da shi. Ya sake koyon jita kusan da yatsu biyu, ya zama ɗaya daga cikin manyan makaɗan jaz da Turai ta taɓa yi. Elizabeth Cotten, baƙar fatar Amurka, bahaguwa ce, sai ta kifa jitar na-dama ta koya wa kanta a juye. Da kuɗin aikatau ta sayi jitarta ta farko tana yarinya, ta ajiye kiɗa shekaru da dama, ta dawo, ta ci kyautar Grammy a 1985 tana da shekara fiye da 90. A nan kusa, Mdou Moctar, Ba'abzinen Nijar, da katako da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko, a gidan da ba a maraba da kiɗa. Mu ma ai mun ga Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015: kuntigi, tsirkiya ɗaya tal a jikin ɗan gwangwani, da shi ya zagaya duniya.

Amma kada in yaudare ka da sunayen manya. Su waɗannan an san su ne saboda sun yi fice. A bayan kowannensu akwai dubbai da suka yi haƙuri iri ɗaya, suka iya kod biyar ko goma, ba wanda ya taɓa jin sunansu, kuma mai yiwuwa cikinsu ni da kai za mu faɗa. In har hujjar koyo ita ce wata rana za ka yi suna, to caca ce, kuma mafi yawa faɗuwa za su yi. Shi ya sa na ɗora hujjata a kan kunnen nan. Wanda ya yi wata shida yana sauraren kuskurensa yana gyarawa, ko bai taɓa hawa dandamali ba, ya san wasu abubuwa a jikinsa: ya san bambancin "na kusa" da "na yi daidai", ya san abin da ya gagara ranar Litinin yana iya faɗowa ranar Alhamis, ya san in ya ga gwani, ba tsafi ba ne, awoyi ne da ba wanda ya ɗauka a kyamara. Wannan sanin yana rage hassada, yana kuma rage raini.

A nan ne zancen ya dawo gidanmu, mu masu fim da littafi. Sau nawa ka ga marubuci ya gama littafi a mako uku, bai sake karantawa ba, ya kai maɗaba'a, sunan jarumar ya canza a tsakiyar labari bai lura ba? Sau nawa ka ga fim wanda sautinsa yake gaba bakin ɗan wasa yana baya, kuma duk waɗanda suka kalla kafin a sake shi ba wanda ya yi magana? Ba rashin basira ba ne, basira kam akwai ta. Abin da ya faru shi ne mutum ya tsallake ajin da ake koyon jin zizar kai, ya kewaye kansa da 'yan amshin Shata, kowa yana cewa "ranka ya daɗe, ba a taɓa yin irinsa ba". Ranar da mai sharhi ya ce ga inda aka kauce, sai a ce maƙiyi ne, an biya shi. Alhali gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Wanda ya saba da mai gaya masa gaskiya kullum, ko da katako ne mai waya shida, ba ya ɗaukar gyara a matsayin zagi. Mu masu sharhi ma maganar ta hau kanmu: wanda bai taɓa zama ɗan koyo a komai ba, alƙalaminsa yakan yi kaifi fiye da iliminsa.

Kada kuma a ce na la'anci na'ura. Shi Mdou Moctar ɗin nan, faifansa na farko, Anar, a Sakkwato ya yi shi a 2008, muryarsa cike da Auto-Tune irin na waƙoƙin finafinan Hausa, kuma ta wayoyin hannu waƙoƙin suka yaɗu a yankin Sahara, daga wannan waya zuwa waccan. A 2015 ya fito a fim ɗin Akounak Tedalat Taha Tazoughai, da harshen Tamashek, wanda Christopher Kirkley ya shirya a Agadas bisa tsarin Purple Rain na Prince. Na'ura ce ta fitar da shi. Amma da duniya ta waiwayo ta ce zo ka kaɗa a gabanmu, akwai abin da ya tarar a hannunsa. Haka nan mai kaɗa fiyano na ƙwarai shi ma ya yi nasa zaman, ya sha nasa tuntuɓen. Ba kayan kiɗan ne abin dubawa ba. Ka yi amfani da manhajar waya ka saita jitarka, ba laifi. Ka kalli darasi a YouTube, ka ɗauki kanka a waya ka saurara, wannan ma taimakon kunne ne. Abin tsoro ɗaya ne: na'urar da take share kuskurenka kafin ka ji shi. Ita inji ce da take ba ka gari, gaskiya ne, kuma in tuwo kawai kake so, ta wadatar. Amma in kana son a kira ka makaɗi, ko mawaƙi, ko marubuci, to ka sani wanda ba a bari ya ji kuskurensa ba, an hana shi hanyar da zai fi jiya.

Saboda haka amsata ga mai gardama ita ce: ka yi gaskiya, in waƙa kawai ake nema, na'ura ta isa. Sai dai shi mai koyo, ko bai sani ba, abu biyu yake ƙerawa a lokaci ɗaya. Yana ƙera waƙa, wadda wataƙila ba za ta kai ta kwamfuta daɗi ba. Yana kuma ƙera mutumin da zai iya cewa "nan ban yi daidai ba, bari in sake", ba tare da duniya ta tashi ba. Irin wannan mutumin ana bukatarsa a situdiyo, ana bukatarsa a ofis, a kasuwa, har a zaman aure.

In akwai jita jingine bayan ƙofarka, ko ɗinki da kika fara kika ajiye, ko wani harshe da ka soma koyo ka watsar, ba sai ka yi alwashin zama gwani ba. Ka ba shi minti 15 yau, a hankali, kana saurare. In kuwa kai ba mai koyon komai ba ne, akwai naka rabon aikin: ranar da ka ji ɗan maƙwabta yana ta maimaita kod ɗaya yana ziza, ka riƙe dariyarka. Kada ka ce masa ya iya alhali bai iya ba, kada kuma ka ce masa ya haƙura ba zai iya ba. In ya tambaye ka, ka ce masa ta yau ta fi ta jiya, in har ta fi ɗin. In ba ta fi ba, ka ce ya sake kaɗawa ku ji tare.

Allah ya ba mu kunnen jin namu kafin na wani.